Ruwan Rariya Da Lambun Cikin Gida

Duk wanda ya bi lungunan garuruwanmu da hantsi, ko a Kano ne, ko Zariya, ko Katsina, ko Maraɗi, ya san abin da zan faɗa. Gindin kowace katanga akwai rariya, kowace rariya kuwa tana tsiyayar da ruwa waje: na alwala, da na wanke-wanke, da na wankan yara. Ruwan nan ya taru ya kwanta, ya yi baƙi ƙirin, agwagi su yi ta wasa a ciki, mai wucewa ya tattare riga ya tsallake yana tsaki. To, maigidan da ruwan nan ke fitowa daga gidansa, shi ne za ka tarar da la'asar a bakin kasuwa yana jayayya da mai kayan miya, wai alayyafo ya yi tsada. Shi mai kayan miyan kuwa, da me ya yi alayyafon? Da ruwa, da taki, da 'yar ƙasa. Ruwa ga shi yana fita ta rariya, taki ga shi jibge a turken awaki, ƙasa kuwa ga ta a tsakar gida ana share ta safe da yamma.

Wannan ba sabuwar magana ba ce. Kakanninmu ba su rasa kabewa bisa danga, da 'yan gindin kuɓewa da karkashi a bayan ɗaki. A 1976 ma, zamanin mulkin Janar Obasanjo, gwamnati ta yi shelar shirin ciyar da ƙasa, aka ce kowa ya yi shuka a bayan gidansa. Amma kowa ya san mutum nawa ya gani sun fara lambun gida da zafi, kafin wata biyu wurin ya koma wajen shanya. In ka tambaye su sai su ce iri ne ba shi da kyau. Ni dai a ganina ba safai laifin ya ke na iri ba. Sun yi shuka ne tun ba su tsaya sun dubi gidan ba.

Ni kaina na yi wannan wauta. Shekarar da na fara, na sayo irin tumatir da na latas, na ga fili a gindin katangar kudu, na kafce na shuka. Tsiron ya fito siriri, dogo, fari-fari, don rana ba ta samunsa. Ruwan da na ke zubawa kullum ya jiƙa gindin katangar har yaɓe ya soma zubowa. Ɗan abin da ya rage, akuya ta kwance ran nan da azahar ta gama da shi kafin a idar da salla. Uwargida ta dube ni ta ce, "Malam, ai da ka tambaye ni, da na gaya maka nan hanyar akuya ce." Gaskiyarta. Ita ke wuni a cikin gidan, ita ta san inda rana ke faɗawa, da inda ruwa ke kwanciya, da inda yara ke guje-guje. Duk maigidan da zai tsara cikin gida bai shawarci matan gidan ba, aiki biyu zai yi.

Saboda haka kafin ka taɓa fartanya, ka ba gidanka kwana uku kana kallonsa. Kayan lambu suna son rana kamar ta awa shida a wuni. Ka ɗebi toka ka zana bakin inuwa a ƙasa da hantsi, da azahar, da la'asar, za ka ga inda rana ta fi daɗewa. Amma fa ka tuna inuwa tana sauya wuri da lokacin shekara. Da hunturu rana ta kan karkata kudu, har a wajen Kano cikin watan Disamba katanga mai tsayin ƙafa 8 ta kan jefa inuwa kusan ƙafa 6 a arewacinta da tsakar rana. Watau lambun rani ya fi kyau a sashen arewa na tsakar gida, inda zai fuskanci kudu. Abin da ya ci ni ke nan. Ko a can ɗin ma, a ja da baya daga katanga taku biyu, musamman in ginin ƙasa ne, gama laima ita ce babbar abokiyar gabar tubali.

Sa'an nan sai maganar ruwa, wadda ita ce uwar zancen. Ruwan da ke fita daga gida ba iri ɗaya ba ne, kuma haɗa shi wuri guda shi ke sa ya zama ƙazanta. Na alwala, da na wankin shinkafa, da na wankin kayan miya, ruwa ne mai kyau, ana iya zuba shi ga kowace shuka. Ƙasari kuwa a bar wa awaki, rabonsu ne tun fil azal. Na wanka da na wanki yana da sabulu, garin sabulun zamani kuma yana ɗauke da wani gishiri wanda in ya taru ya kan ƙone shuka ya daskarar da ƙasa. Irin wannan a kai shi gindin itatuwa, kada a zuba shi bisa ganyen da za a ci ɗanye, kamar latas. Amma ruwan da ya fito daga bayan gida, ko wanda aka wanke ƙazantar jarirai da shi, ba shi da hanya zuwa lambu ko kaɗan. Wannan raminsa dabam, a rufe.

To, yaya za a raba su? Ba wuya. Ka sa magini ya yi maka ɗan dakali na alwala kusa da inda lambun zai zauna, ya karkatar da daɓen kaɗan, ya fitar da 'yar kwata zuwa cikin shuka. Shi ke nan, duk wanda ya yi alwala ya yi ban ruwa bai sani ba. Ruwan wanka kuma, maimakon ya fita titi, a haƙa masa rami mai faɗin ƙafa 3 da zurfin ƙafa 2 ko 3, nesa da gini, a cika shi da guntayen kara da busasshen ganye da ƙaiƙayi, a jawo kwatar makewayi ta zube a ciki. A kewaye bakin ramin da 'ya'yan ayaba biyu ko uku. Ayaba mashayiya ce, za ta shanye ruwan, karan da ke ciki kuma yana ruɓewa yana zama abincinta. In karan ya lotsa a ƙara wani.

Sharaɗi guda ne: kada a ga ruwa a fili yana kwana. Sauro daga ƙwai zuwa ya tashi da fiffike mako ɗaya ne zuwa kwana goma a lokacin zafi. In ramin ya ƙi shanyewa, watau ƙasar wurin taɓo ce, sai a faɗaɗa shi a zuba tsakuwa a ƙasa. Wanda ya yi lambu ya tara wa 'ya'yansa zazzaɓi, kuɗin da ya rage na cefane a kemis zai ƙare, har ya ƙara da na aljihu.

Yanzu kuma sai lissafi, malam akawu ga naka. Fangali, wanda waɗansu ke kira komi, mai faɗin ƙafa 3 da tsawon ƙafa 10, ya kan sha kimanin lita 15 a wuni da hunturu, da bazara kuwa lita 20 ko fiye. Watau kusan jarka guda kullum. In a gidanka mutum shida ke alwala, kowa da lita guda sau biyar a wuni, ka sami lita 30, ruwan fangali biyu ke nan ba ka ba mai kura ko sisi ba. Ka auna ruwanka tukuna, sa'an nan ka san fangali nawa za ka yi. Mai ruwan fangali biyu in ya yi goma, duk goman za su mutu ran da rijiya ta ja baya. In an rufe ƙasar fangalin da busasshiyar ciyawa ko buntun shinkafa, laima ta kan daɗe, ruwan ya ragu. Ban ruwa kuma da sassafe ne ko da yamma.

Akwai wani ruwan da mu ke bari yana zuba banza, na rufin kwano. Ɗaki mai ƙafa 12 da 12, in aka yi ruwan sama na inci ɗaya, rufinsa ya kan zubo da kimanin lita 340, ya fi duro ɗaya da rabi. A ƙasar Kano kuwa a kan sami inci 30 ko fiye a shekara. Ba zan ruɗe ka ba, duro biyu ba za su fid da kai rani ba. Amfaninsu shi ne lokacin da damina ta faɗi sa'an nan ruwa ya ɗauke kwana goma ko mako biyu, da kuma renon iri a ƙarshen damina. Wani amfanin ma ya fi wannan: ruwan da ke saukowa daga indararo yana dukan ƙasa yana fantsama, shi ke cin gindin bango. In ya faɗa duro, ka huta da yaɓe. Ruwan farko a bar shi ya wanke ƙurar rufin ya tafi. Duron kuma kullum a rufe, saboda sauro, kuma saboda ƙananan yara.

Maganar itatuwa kuwa, a nan ne mutane suka fi yin kuskuren da ba ya gyaruwa, don icce ba fangali ba ne da za a tashe shi baɗi. A ƙasarmu hadari daga gabas ya ke tasowa, shi ya sa bangon gabas ya fi saurin zaizayewa. Zafin da ke hana barci kuwa, bangon yamma ne ke kwasarsa daga azahar zuwa faɗuwar rana, da dare ya yi ta amayar da shi cikin ɗaki. Don haka inuwa a yamma a ke bukatarta. Wanda ba shi da filin babban icce, ya kafa rumfa a yammacin ɗakin, ya bar tazara tsakaninta da bango, ya sa kabewa ko soso ko duma su hau. Ya sami inuwa, ya sami abin miya, ranar da ya gaji da ita kuma ya cire.

Darbejiya, wadda a ke ce wa dogon yaro, icce ne mai albarka. Asalinta daga ƙasar Indiya ne, a 1928 aka fara dasa ta a Barno, yau ga ta ko'ina har ta zama kamar 'yar gida. Amma wurinta ƙofar gida, inda za a shimfiɗa tabarma a sha iska. A cikin ƙaramin gida saiwarta ta kan bi laima ta shiga ƙarƙashin bango da bakin rijiya, inuwarta kuma ba ta barin kome ya yi kirki. Mangwaro ma haka, in ba za ka iya ba shi ƙafa 20 daga kowane gini ba, ka haƙura da shi. In akwai filin, ka nemi mai aure, shi ne ke fara 'ya'ya cikin shekara uku ko huɗu, na ƙwallo kuwa sai ka jira shida ko bakwai. Itatuwan ƙaramin gida su ne gwanda, da zogale, da lemon tsami, da gwaiba, da rumman. Gwanda akwai namiji akwai mace, ba kuwa a gane su sai sun yi fure, don haka a kan bar tsiro uku a rami guda, in sun nuna kansu a cire mazan. Ta kan yi 'ya'ya cikin shekara guda, amma ba ta jure ruwa ya kwanta a gindinta, kada a haɗa ta rami ɗaya da ayaba.

Mai sabon gini kuma, tun da zance ya kawo mu nan, ya lura da rijiya da salga. Masana lafiya suna son a bar ƙafa 100 a tsakaninsu. A cikin birni ba kowa ke da wannan fili ba, na sani, amma a nisanta su iyakar iyawa, rijiya ta zauna a wajen tudu, kuma a leƙa a ga inda salgar maƙwabci ta ke kafin a sa diga.

Danga kafin shuka. Wannan ba sai na ja shi da nisa ba, kun ji abin da akuya ta yi mini. Darnin kara ya isa a shekarar farko, ko da ya ke gara ba ta barinsa ya daɗe. A jikinsa daga ciki a dasa lalle, kafin karan ya lalace lallen ya yi shinge, matan gida kuma ba za su ƙi shi ba. Aguwa da bini-da-zugu a bar su a gona. Ƙaron aguwa yana cutar ido, 'ya'yan bini-da-zugu kuwa guba ne ga yaron da ya tauna. Kaji sun fi awaki ɓarna a fangalin da aka yayyafa wa iri, sai an toshe ƙasan dangar da ƙaya ko ragar waya.

In da hali, turke da akurki su yi maƙwabtaka da lambun, ramin taki a tsakaninsu. Sharar turke ta faɗa ramin, ragowar ganyen lambu ta tsallaka wa awaki, ba mai ɗaukar kaya da nisa. A cikin ramin a jera kashin dabbobi, da sharar tsakar gida, da ɓawon kayan miya, da 'yar toka, a riƙa yayyafa ruwa, a juya shi sau ɗaya a wata. Cikin wata biyu ko uku zai yi baƙi, ya daina wari. Leda da batir da fasasshiyar kwalba kada su shiga. Kashin kaji ɗanye kuwa wuta ne, in ka zuba shi ga shuka bai ruɓe ba sai ya ƙone ta.

Fangalin rani a kan yi shi ne a ƙasa-ƙasa da ɗan gefe, don ya riƙe ruwa. Na damina kuwa a tayar da shi kamar kunya, don ruwa ya wuce. Faɗin kada ya wuce ƙafa 3, yadda hannu zai kai tsakiya ba a taka shuka ba.

To, me za a shuka? Kowa tumatir ya ke fara tunawa, ni kuwa na ce a bar shi sai an ƙware. Tumatir ɗan sanyi ne. A kan rene shi wajen watan Oktoba, a dasa bayan mako uku ko huɗu, ya nuna a tsakiyar hunturu zuwa ƙarshensa. A daidai lokacin nan ne kuma na fadamu da na Kadawa ke cika kasuwa, kwando ya faɗi warwas. In zafin Maris da Afrilu ya shigo, lokacin da zai soma daraja, sai furensa ya riƙa zubewa. Ga kuma tsutsar nan da manoman Kano ke kira Sharon, wadda ta cinye tumatir a jihohin arewa a 2016 har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan lamarin. Abin da ya gagari masu eka goma, kada ka sa shi ya zama darasinka na fari.

Ka fara da ganye. Shi ne ba ya jure zaman kasuwa, shi ne kuma a ke bukata kullum. Alayyafo irinsa ƙanana ne ƙwarai, a cuɗa shi da yashi kafin a yayyafa, cikin mako huɗu ko biyar an fara yanka, in kuma aka yanke shi daga sama ya kan sake tohowa. Rama da yakuwa da lalo ba su da fitina. Kuɓewa wata biyu ta fara ba da 'ya'ya, a riƙa tsinka bayan kwana biyu-biyu don kada ta tsufa a jiki. Attarugu da tattasai gindi biyar ko shida sun isa gida. Kada a shuka fangali duka rana ɗaya. A shuka rabi yau, rabi bayan mako biyu, don kada a yi ta kyauta wannan mako, mako mai zuwa a koma kasuwa. In ka tuge kuɓewa ko tumatir ka ga saiwar ta yi ƙulle-ƙulle, wata ƙaramar tsutsa ce a cikin ƙasa wadda ido ba ya gani. Kada ka maimaita su a wurin, sa albasa ko masara tukuna.

Zogale kuwa ya cancanci a tsaya a kansa. Ya kan tashi daga ƙwaya, ya kan kuma tashi daga reshe in an kafa. Laifinsa tsayi, in an ƙyale shi sai ya miƙe sama ganyen ya fi ƙarfin hannu. A sare kansa daidai ƙugu, zai yi rassa da yawa. Ganyensa yana da sinadarin nan da a ke kira bitamin A, wanda rashinsa ke jawo wa yara dundumi, watau su kasa gani da magariba, yana kuma raunana jikinsu wajen jure ƙyanda da gudawa. Jiki ya fi karɓar wannan sinadari in an ci shi da maiƙo, ashe iyayenmu mata da ke kwaɗa zogale da ƙuli-ƙuli da ɗan mai sun riga likita. In za a shanya shi don ajiya, a shanya a inuwa, rana tana rage masa amfani.

In ƙwari sun taso, a cikin gida hannu da toka su ne maganin farko. In sun yi yawa, a daka 'ya'yan darbejiya busassu kamar rabin kilo, a jiƙa a ruwa lita 10 ya kwana, a tace, a yayyafa da yamma. Ragowar maganin feshin auduga ko na wake da ka dawo da shi daga gona, kada ya kusanci ganyen da za a tsinka gobe a sa a tukunya, kada ma ya kwana inda yaro zai kai hannu. Irin rama da na kuɓewa da na alayyafo kana iya ajiye naka daga gindin da ya fi kyau. Irin tumatir na gwangwani mai aure kuwa, in ka ajiye 'ya'yansa ba za su fito kamar uwarsu ba. Wanda ke son ingantaccen iri ko dashe ya tambayi malamin gona na yankinsa. Cibiyar binciken kayan lambu ta ƙasa da ke Ibadan tana da reshe a Bagauda ta jihar Kano, ga kuma ta aikin gona a Samaru.

Kada kuma son lambu ya sa ka cinye tsakar gida. A bar wurin turmi, da igiyar shanya, da inda za a shimfiɗa tabarma da dare lokacin zafi, da inda mata za su zauna ranar suna. Fangali biyu ko uku a gefe, da gindin zogale, da ramin ayaba, sun ishe yawancin gidaje.

Saura ɗan haya, wanda tsakar gidansa siminti ne, ba shi kuma da ikon haƙa ko rami ɗaya. Shi ma yana da hanya. Ya sami buhun taki ko na shinkafa wanda ya ƙare, ya wanke, ya huda ƙasansa. Ya cuɗa ƙasa kashi biyu da ruɓaɓɓen taki kashi ɗaya. Ya tsayar da gwangwani marar gindi a tsakiyar buhun ya cika shi da tsakuwa, ya zuba ƙasa kewaye, ya ja gwangwanin sama ya sake cikawa, har buhun ya cika, tsakuwar nan ta zama hanyar ruwa daga sama har ƙasa. A saman ya sa attarugu ko kuɓewa, a jikin buhun kuma ya tsaga 'yan ƙofofi ya dasa alayyafo. A ɗora buhun bisa bulo don kada ruwa ya kwanta ƙarƙashinsa ya ɓata wa mai gida daɓe, kada kuma a kai shi bisa soron ƙasa, nauyi da laima za su karya azara. Buhu huɗu ko biyar sun isa miyar ango da amarya. Ran da mai gida ya ba da notis kuma, a ɗora su a kura tare da gado da katifa.